Gyaran Jijiyar Wuya da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Riba da Hasara



Batun da aka ɗora mini yau batu ne na likitanci, amma ba likitoci kaɗai ya shafa ba. Shi ne tsukewar jijiyoyin jini na wuya, da hanyoyin da ake bi a magance ta, da kuma abin da waɗannan hanyoyi kan jawo wa ƙwaƙwalwa, na alheri ko akasin haka. Mai yiwuwa wani a cikinku ya ce, mu da muke kan ganiyar ƙuruciya, ina ruwanmu da ciwon dattawa? To, kowa ya san yadda gidajenmu suke. Wanda ya yi karatu shi ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta, shi likita kan kira gefe ya yi wa bayani, shi ne kuma wata rana za a ce ya sa hannu kafin a shiga da mahaifinsa ɗakin fiɗa. Ranar da haka ta faru, ba digirinsa za a tambaya ba, fahimtarsa ce za ta yi aiki.

Maganar da nake son ku tafi da ita guda ce. Ana gyara jijiyar wuya ne domin a tsare mutum daga shanyewar ɓarin jiki, kuma shi kansa gyaran yana da farashi, wanda ƙwaƙwalwa ce take biya tun ranar aikin. Saboda haka duk shawarar da za a yanke lissafi ce ta riba da hasara, ba kuma kowane mai tsukakkiyar jijiya ne ribarsa take rinjayar hasararsa ba.

Jijiyoyin da aikinsu

Nauyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam bai wuce kamar kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar da jiki yake amfani da ita. Ba ta kuwa da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu, in kuwa ya yanke, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum zai suma, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne suke kai mata jini. Biyu suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya, biyu kuma, waɗanda su ne manya, suna gaba, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne waɗanda in ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro za ka ji suna harbawa. Sunan da likitoci suke kiransu da shi, watau karotid, daga wata kalmar Girkanci ya samo asali mai nufin barci mai nauyi, domin mutanen dā sun lura cewa in aka danne su mutum yakan fita hayyacinsa.

A daidai ƙasan muƙamuƙi kowace ɗaya takan rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi fuska, ɗaya ya shige cikin ƙoƙon kai. A can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma jijiyoyin nan huɗu sukan haɗu su yi da'ira, wadda likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a littafinsa na shekarar 1664. Amfanin da'irar shi ne, in hanya ɗaya ta toshe sauran su kai ɗauki. Sai dai ba kowa ne tasa da'irar take cikakkiya ba, wannan kuwa yana da muhimmanci in mun zo maganar fiɗa.

A mararrabar nan ta ƙasan muƙamuƙi ciwon yakan zauna. Shekara da shekaru kitsen jini yana taruwa a bangon jijiya, yana daskarewa, har hanyar ta tsuke. Hawan jini, da shan taba, da ciwon sukari, da yawan kitse a jini, da tsufa, su ne masu hura wutar. Mutane da yawa suna zaton haɗarin shi ne jini ya kasa wucewa, kamar famfon da ya toshe. Hakan yana faruwa, amma galibi ba ta nan ɓarnar take zuwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne daskararren kitsen ya tsage, jini ya yi guda a kansa, sa'an nan ɓarɓashi ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya maƙale a wata ƙaramar jijiya. Wurin da wannan jijiya take ciyarwa sai ya mutu. A ƙasashen Turai da Amurka, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na shanyewar da toshewa take haddasawa daga nan suke tasowa.

Sau da yawa ciwon yakan yi sallama kafin ya shigo. Ido ɗaya ya dushe farat ɗaya kamar an saki labule, hannu ko ƙafa su saki, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, sa'an nan bayan 'yan mintoci kome ya koma daidai. Wannan ita ce shanyewa mai wucewa. Mutanenmu kan ce ai ya warware, a manta da zancen, alhali kuwa gargaɗi ne, kuma kwanakin farko bayansa su ne mafi haɗari.

Yadda fiɗar ta samo asali

A shekarar 1927 wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ya gano hanyar ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar zuba wani ruwa a cikin jini. A 1951 kuma Miller Fisher, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, ya nuna dangantakar toshewar jijiyar wuya da shanyewar jiki, har ya yi hasashen cewa wata rana likitocin fiɗa za su samo dabarar gyara ta. Ba a daɗe ba kuwa. A 1954, a asibitin St Mary's da ke Landan, Felix Eastcott da abokan aikinsa suka yi wa wata mata mai shekara 66 aiki, bayan shanyewa mai wucewa ta same ta har sau 33. Suka yanke wurin da ya lalace suka haɗa bakin jijiyar, ciwon ya daina taso mata. Michael DeBakey na Amurka kuwa ya ba da labarin cewa tun 1953 ya yi irin aikin da ake yi yanzu, watau a tsaga jijiyar, a kankare daskararren kitsen, a ɗinke.

Daga nan fiɗar ta yaɗu kamar wutar daji. A shekarar 1985 kaɗai an yi ta fiye da sau 100,000 a Amurka. Abin mamaki shi ne, har zuwa lokacin ba a tabbatar ta hanyar gwaji mai inganci cewa tana da amfani ba. Hujjar da aka dogara da ita ita ce hankali ya yarda: hanya ta tsuke, an buɗe ta, lalle an yi gyara. Sai a 1988 aka buga wani bincike a kan tsofaffin da aka yi wa aikin a Amurka, aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da dalilin da ya isa a yi musu shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ya shanye ko ya mutu a sanadiyyarsa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Gwaji ta hanyar ƙuri'a

Hanyar da likitoci suke bi su raba gardama irin wannan ita ce su tara majiyyata masu ciwo iri ɗaya, da yardarsu, su raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa gida ɗaya aiki, ɗaya kuma a bar shi a kan magani, sa'an nan a bi su shekaru ana ƙirge. Ƙuri'ar ita ce take hana likita zaɓar masu ƙarfi ya yi musu aiki ya kuma yaba wa wuƙarsa.

A 1991 aka bayyana sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu irin wannan, ɗaya a Turai, ɗaya a Amurka da Kanada, wanda ake kira NASCET, a ƙarƙashin Henry Barnett. A cikin waɗanda suka riga suka ga alama, kuma jijiyarsu ta tsuke da kashi 70 zuwa 99 cikin ɗari, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka bari a kan magani sun shanye cikin shekara biyu, a waɗanda aka yi wa fiɗa kuwa kashi 9 ne kawai. Wannan riba ce babba, da wuya a sami irinta a likitanci. Ga masu tsukewar kashi 50 zuwa 69 ribar ta ragu ainun, ga waɗanda ba su kai kashi 50 ba kuwa babu riba sam.

Akwai kuma maganar lokaci. A 2004 Peter Rothwell na Jami'ar Oxford da abokansa suka haɗa alƙaluman gwaje-gwajen biyu, suka gano cewa in an kama majiyyaci cikin mako biyu da ganin alama, mutum 5 za a yi wa aiki a tsare ɗaya daga shanyewa cikin shekara biyar. In kuwa an bari ya wuce mako 12, sai an yi wa mutum 125 kafin a tsare ɗaya. Wuƙa ɗaya ce, likita ɗaya, haɗari ɗaya, amma jinkiri ya cinye ribar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ragar ƙarfe

Tun daga shekarun 1990 aka sami hanya ta biyu, wadda ba ta bukatar yanka wuya. Akan huda jijiya a gindin cinya, a zura siririn bututu ya bi ta cikin babbar jijiyar jiki har zuwa wuya, a hura ɗan balan-balan a wurin da ya tsuke, a kuma bar wata 'yar ragar ƙarfe mai siffar bututu ta tokare bangon. Galibi akan kafa wata 'yar rariya a gaba domin ta tare ɓarɓashi. Ba yanka, ba tabo, ba doguwar jinya. Majiyyata suka so ta, likitoci da yawa ma haka. Amma da aka sa ta a ma'aunin ƙuri'a sai aka ga ita ma da nata.

A Faransa an dakatar da gwajin EVA-3S, wanda aka buga a 2006, tun bai ƙare ba, saboda shanyewa ko mutuwa cikin kwana 30 ta kai kashi 9.6 cikin ɗari ga masu raga, a masu fiɗa kuwa kashi 3.9. Gwajin CREST na Amurka da Kanada, mai majiyyata 2,502, wanda ya fito a 2010, ya tace likitocin da ya ɗauka sosai, sakamakonsa ya fi kyau. Duk da haka shanyewa a lokacin aiki ta kasance kashi 4.1 ga raga, 2.3 ga fiɗa. Ciwon zuciya kuwa ya juya: kashi 1.1 ga raga, 2.3 ga fiɗa. Haka nan rauni ga jijiyoyin da suke motsa harshe da maƙogwaro da leɓe, wanda kan jawo dushewar murya ko wahalar haɗiya, ya fi yawa nesa ba kusa ba ga masu fiɗa, ko da yake galibi yakan warke. Aka kuma lura da wani abu da ya saɓa wa zato: tsofaffin da suka haura shekara 70, waɗanda ake ganin su ne ya kamata a raba da wuƙa, su ne raga ta fi cutarwa, domin jijiyoyinsu sun yi tauri sun karkace, zura bututu a cikinsu yana tayar da ɓarɓashi. Wanda ya tsallake kwanakin farko lafiya kuwa, hanyoyin biyu suna tsare shi daidai wa daida a shekarun da suka biyo baya.

Saboda wannan matsala aka ƙirƙiro hanya ta uku, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015. Akan yi ɗan yanka a gindin wuya, a juya gudun jinin na ɗan lokaci ya riƙa dawowa daga kai, ta yadda ɓarɓashin da ya tashi zai faɗa cikin rariya a waje maimakon ya nufi ƙwaƙwalwa, sa'an nan a kafa ragar.

Ta ina aikin yake taɓa ƙwaƙwalwa?

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce ɓarɓashin da muka ambata, wanda taɓa jijiyar kan tayar. Ta biyu ita ce yankewar jini. Likitan fiɗa ba shi da ikon tsaga jijiya sai ya matse ta sama da ƙasa, a wannan ɗan lokaci kuwa ɓarin ƙwaƙwalwar yana rayuwa ne da abin da da'irar Willis ta kawo masa. Wanda da'irarsa ba ta cika ba yana cikin haɗari, shi ya sa akan sa ɗan bututun roba ya tsallakar da jini har a gama. Wasu likitoci sun fi son a yi aikin majiyyaci yana farke, an kashe masa zafin wurin da allura, ana yi masa magana ana sa shi ya matsa wani abu da hannu, da zarar magana ta sarƙe a san jini bai isa ba. Gwajin GALA na 2008, mai majiyyata fiye da 3,500, ya kwatanta wannan da allurar barci, bai kuwa sami bambancin a zo a gani ba.

Hanya ta uku ita ce wadda mutane ba su cika sani ba, watau jini ya yi yawa. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe tana fama da ƙarancin jini, ƙananan jijiyoyinta sukan buɗe iyakar buɗewa, har su rasa ikon tsukewa. Ranar da aka buɗe hanya jini ya kwararo da ƙarfi, sai abin ya zama kamar ruwan sama mai yawa a kan ƙasar da fari ya ƙeƙasar. Majiyyaci ya kama ciwon kai mai tsanani ta ɓarin da aka yi aikin, wani ya yi farfaɗiya, wani ma jijiya ta fashe masa a ka. Yana samun kamar mutum 1 zuwa 3 cikin ɗari, sau da yawa kuma bayan kwanaki, lokacin da an riga an sallame shi. Maganinsa shi ne tsare hawan jini da kyau bayan aiki. Iyalin da suka san wannan ba za su ba shi maganin ciwon kai su ce ya kwanta ba, asibiti za su mai da shi nan take.

Tabon da ba ya magana

Duk alƙaluman da na kawo muku na shanyewar da ido yake gani ne. Amma akwai ɓarnar da ba ta hana tafiya, ba ta karkatar da baki. A cikin gwajin ICSS, wanda aka buga a 2010, an ɗauki majiyyata 231 aka yi musu hoton ƙwaƙwalwa da na'urar maganaɗisu kafin aiki da bayansa. Rabin waɗanda aka sa wa raga an ga sababbin ɗigo-ɗigon rauni a ƙwaƙwalwarsu, a masu fiɗa kuwa kashi 17 cikin ɗari. Mafi yawansu ba su ji kome ba, da yawa daga cikin ɗigon ma sun ɓace a hoton da aka sake bayan wata guda, amma wasu sun zauna sun zama tabo.

Me ya sa za a damu da tabon da mai shi bai san da shi ba? Saboda binciken da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, wanda ya fito a 2003. An bi mutane kamar dubu masu shekara 60 zuwa 90, aka ga waɗanda hoto ya nuna suna da irin wannan tabo na shiru, haɗarin su kamu da ciwon mantuwa, wanda muke kira gigin tsufa, ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Tabon waɗancan mutane dai ciwo ne ya jawo shi a hankali, ba aikin likita ba, kuma na bayan aiki ya fi ƙanƙanta. Duk da haka darasin ya isa: ƙwaƙwalwa ba ta da wurin banza.

An kuma auna hankalin majiyyata kai tsaye, da jarrabawar tuna kalmomi, da saurin haɗa lambobi, da kwaikwayon zane. Eric Heyer da abokansa a Jami'ar Columbia ta Amurka sun sami cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa fiɗa makinsu ya faɗi a kwanakin farko bayan aiki, ba tare da wata shanyewa ba. Da yawa sukan farfaɗo bayan watanni. Da aka kwatanta hankalin masu raga da masu fiɗa a cikin gwajin ICSS bayan wata shida, bambancin da aka gani ƙarami ne, bai kai a kafa hujja da shi ba, duk da yawan ɗigon da hoto ya nuna ga masu raga.

Shin gyaran yana ƙara kaifin hankali?

Nan ne gizo yake saƙa. An tabbatar cewa masu tsukewa mai tsanani, ko da ba su taɓa shanyewa ba, sukan kasa tsararrakinsu a jarrabawar hankali, musamman wajen tuna abu. Sai hankali ya sake raya wa mutum irin abin da ya raya wa likitocin shekarun 1980: ƙwaƙwalwa tana yunwar jini, a buɗe hanya, tunani zai dawo. Akwai kuwa ƙananan bincike masu yawa da suka ba da labarin cewa maki ya ƙaru bayan aiki.

Amma ku ɗalibai kun fi kowa sanin aibin wannan hujja. Wanda ya zauna jarrabawa ɗaya sau biyu, tilas ya fi ƙoƙari a karo na biyu, ko da bai buɗe littafi ba. Ga shi kuma jarrabawar farko an yi ta ne majiyyaci yana cikin fargabar wuƙa, ta biyu kuwa hankalinsa a kwance. Bugu da ƙari, hawan jini da sukari da taba waɗanda suka tsuke babbar jijiyar wuya, su ne dai suka lalata dubban ƙananan jijiyoyi a cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda wuƙa ba ta kai gare su. Mai yiwuwa tsukewar da mantuwar 'ya'yan uwa ɗaya ne, ba ɗaya ce ta haifi ɗaya ba.

Ƙuri'a ce kaɗai za ta raba wannan gardama, ta kuwa yi magana. Gwajin ACST na farko ya raba majiyyata marasa alama tun daga 1993, wasu aka yi musu fiɗa nan da nan, wasu aka jinkirta. Alison Halliday da abokan aikinta suka bi sawun kamar 1,600 daga cikinsu a Birtaniya da Suwidin har kusan shekara 20, suka buga sakamakon a 2022. Fiɗar ta rage shanyewa, amma yawan waɗanda suka kamu da ciwon mantuwa kusan ɗaya ne a gidajen biyu. Saboda haka duk wanda ya ce muku a yi wa tsoho aikin wuya domin mantuwarsa ta warke, ya yi alkawarin da hujja ba ta ɗaure wa gindi ba. Gaskiyar da ta tabbata ita ce, shanyewa tana cikin manyan abubuwan da suke rushe hankali, duk aikin da ya hana ta ya tsare hankali ta wannan fuska. Tsarewa daban, ƙari daban.

Wanda bai ga alama ba

Mafi wuyar shawara ita ce ta mutumin da yake lafiya lau, aka yi masa sikanin don wani dalili, aka ce jijiyarsa ta tsuke. Gwajin ACAS na 1995 ya nuna fiɗa ta rage haɗarin shanyewa cikin shekara biyar daga kashi 11 zuwa kashi 5 cikin ɗari, ACST kuma a 2004 ya sami kusan haka. Watau ribar kamar kashi ɗaya ce cikin ɗari a kowace shekara. Tun daga wancan zamani kuwa magani ya ci gaba ƙwarai: magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin, da asfirin, da tsananta kula da hawan jini da sukari, da barin taba. Da waɗannan, haɗarin mai tsukewa marar alama ya sauko zuwa kamar kashi ɗaya cikin ɗari a shekara.

Wannan ya sa aka sake gwaji, mai suna CREST-2, wanda sakamakonsa ya fito a watan Nuwamba na 2025. Majiyyata kusan 2,500 ne, duka masu tsukewar kashi 70 zuwa sama, duka kuma aka ba su magani mai tsanani. A ɓangaren raga, shanyewa ko mutuwar lokacin aiki cikin shekara huɗu ta kasance kashi 2.8 ga waɗanda aka sa wa raga, kashi 6 ga masu magani kaɗai. A ɓangaren fiɗa kuwa kashi 3.7 ne da kashi 5.3, tazarar da ba ta kai a tabbatar da ita ba. Abubuwa biyu ya kamata a lura da su. Likitocin da suka sa ragar zaɓaɓɓu ne, an duba tarihin aikinsu kafin a ɗauke su. Sa'an nan ko a cikin masu magani kaɗai, mutum 94 cikin ɗari sun cika shekara huɗu ba abin da ya same su. Shi ya sa kwamitin rigakafi na Amurka, har a shawararsa ta 2021, ya hana a riƙa yi wa jama'a masu lafiya sikanin na wuya haka siddan, domin abin da za a tono zai iya kai mutane da yawa ga aikin da cutarsa ta fi amfaninsa.

Abin da ya rage gare mu

Duk waɗannan alƙaluma daga Turai da Amurka suke. A nan yammacin Afirka hoton ya ɗan bambanta. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka kuma buga a 2018, ya gano cewa hawan jini shi ne uban tafiya, yana da hannu a kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar da aka gani, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce a ka, wadda gyaran wuya ba ya hana ta. An kuma san cewa a tsakanin baƙaƙen fata tsukewa ta fi son jijiyoyin cikin kai a kan na wuya. Saboda haka abin awon hawan jini a gida, da shan magani kullum ba fashi, da rage gishiri, sun fi kowace wuƙa tsare ƙwaƙwalwar iyayenmu.

Amma in rana ta zo aka ce a yi aikin, ko a gida ko a ƙasar waje inda mutanenmu suke zuwa neman magani, akwai tambayoyin da haƙƙinku ne ku yi, cikin ladabi. Shin majiyyacin ya ga alama, yaushe kuma ya gan ta? Da kashi nawa jijiyar ta tsuke, kuma ta ɓarin da ya dace da alamar ce? Shekarunsa da lafiyar zuciyarsa wace hanya suka fi dacewa da ita? In an bar shi a kan magani kaɗai mene ne haɗarinsa? Tambayar da ta fi duka nauyi kuwa ita ce: likitan nan sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, mutum nawa ne kuma cikin ɗari suke shanyewa ko mutuwa a hannunsa? Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitoci suka daɗe da kafawa ita ce kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari ga masu alama, kashi 3 ga marasa alama. In ya wuce haka riba ta ƙare, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, domin shi ma da ita yake auna kansa.

Wanda kuwa ya ga idon mahaifinsa ya dushe, ko hannun mahaifiyarsa ya saki na minti biyar ya dawo, kada ya jira Litinin, kada ya jira albashi. Wannan shi ne majiyyacin da aiki ya fi yi wa amfani, kwanakinsa kuma ƙirgaggu ne.

Shugaban taro, nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.